Wane batir ya dace da tsohuwar Volkswagen Beetle ta 1965?

"Assalamu alaikum. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana Volkswagen Beetle ƙirar 1965, ni kuma na ɗauki nauyin farfaɗo da ita. An yi mata fenti, an taɓa inji, amma tana wahalar tashi, batirin da ke cikinta kuma ya mutu. Mai sayar da batir ya ce in sa mai amfiya 75 irin na motocin yanzu, wani abokina kuma ya ce in sayi na litiyam in huta. Ba kullum zan riƙa hawanta ba, sai ranar biki ko salla. Ina kuma da niyyar nan gaba in ɗora mata inji mafi girma, kamar yadda nake ganin Amurkawa suna yi wa tsofaffin motoci. Wane batir ya kamata in saya?"

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya gafarta wa mahaifinku, ya sa albarka a abin da ya bari. Tambayarka guda ce a baki, amma akwai abubuwa uku a cikinta: batirin da ya dace da motar yadda take a yau, dalilin da ya sa take wahalar tashi, da kuma abin da zai canza ranar da ka ɗora mata babban inji. Kafin mu shiga bayani, ina roƙonka ka dakata da shawarwarin nan biyu da aka ba ka. Dukkansu an ba da su ne da kyakkyawar niyya, sai dai an auna su ne da motar zamani, kuma kowace daga cikinsu tana iya jawo maka asara a motar da ta kai shekara sittin.

Fara da tantance wutar motar

Beetle ta 1965 ta fito daga masana'anta ne da wutar bolt 6. Sai daga ƙirar 1967 kamfanin ya fara mayar da ita bolt 12, wasu ƙananan samfuran ma suka ci gaba da bolt 6 shekaru bayan haka. Batirin amfiya 75 da ake sayarwa a kasuwa kuwa bolt 12 ne. Idan ka ɗora shi a motar da ba a sauya mata komai ba, kwararan fitila za su ƙone nan take, kwayil zai yi zafi fiye da kima, injin waifa zai riƙa gudu kamar zai tsinke har ya ƙone, dainamon motar kuma, wato injin cajinta, ba zai taɓa iya caja shi ba, domin an gina shi ne ya ba da bolt 7 da 'yan kai.

Amma kada ka dogara da shekarar ƙira kaɗai. Motar da ta daɗe haka ta bi ta hannun masu wayarin da yawa, kuma sau da yawa nakan tarar da Beetle da aka riga aka mayar bolt 12, ko kuma, abin da ya fi damuna, wadda aka mayar rabi aka bar rabi. Dalilin yawan sauyin a Najeriya sananne ne: daga 1975 an yi shekaru ana harhaɗa Beetle a Legas, waɗannan kuwa masu bolt 12 ne, don haka kayansu suka wadatu a hannun makanikai, aka riƙa cusa su a tsofaffi. Ka ɗaga kujerar baya ka dubi mataccen batirin. Idan murafensa uku ne, bolt 6 ne. Idan shida ne, bolt 12 ne, domin kowane ɗaki na batirin dalma yana ba da bolt 2.1. Sannan ka ciro kwan fitila ɗaya ko biyu ka karanta abin da ke rubuce a gindinsu, ka duba jikin kwayil da jikin dainamo. Sai duka sun yi magana ɗaya za ka san inda kake.

Akwai wani abu da ba zai dame ka ba, amma ya kamata masu wasu tsofaffin motoci su sani. A Beetle, kan batir mai alamar ɗebewa, wato negetib, shi ake ɗaurewa a bodi, kamar kowace motar yau. A motocin Ford na Amurka kuwa har zuwa 1955, da yawancin motocin Ingila irin su Land Rover da Morris har cikin shekarun 1960, fozitib ne a bodi. Wanda ya ɗaura batir a irin waɗannan bisa sabo, ba tare da ya bi wayar ya ga inda ta nufa ba, ya juya wutar motar ke nan.

Abin da lambobin jikin batir suke faɗa

A kasuwa lamba ɗaya ake kira, a ce mai 45, mai 62, mai 75, mai 100. Wannan ita ce wadda aka rubuta wa Ah, kuma tana nuna yawan wutar da batir yake iya ajiyewa idan an zuƙe ta a hankali cikin awa 20. Batir mai bolt 12 da Ah 60, alal misali, zai ba da amfiya 3 na tsawon awa 20 kafin ya sauka zuwa bolt 10.5. Ba ta ce komai game da ƙarfin juya inji ba. Mai faɗin wannan ita ce lambar CCA, wadda a ma'aunin Amurka take nufin amfiya nawa batir mai bolt 12 zai iya fitarwa na daƙiƙa 30 a sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri ba tare da ya faɗi ƙasa da bolt 7.2 ba. Wasu kuma suna rubuta RC, wato mintoci nawa batir zai riƙe nauyin amfiya 25 idan caji ya tsaya gaba ɗaya.

Masu gina motoci a Amurka suna da wani ƙiyasi da suka daɗe suna amfani da shi: CCA ɗaya ga kowane inci na girman injin fetur, wato incin auna cikin inji, wanda ya kai kimanin cc 16. Injin Chevrolet 350, wanda ya shahara a motocin da suke kira hot rod, wato tsofaffin motocin da aka ƙara wa ƙarfin inji, lita 5.7 ne, don haka mafi ƙarancin abin da yake bukata CCA 350 ne, kodayake sukan ninka saboda sanyi da kuma matsin fistin da aka ƙara. Injinka cc 1192 ne, bai kai inci 75 ba, matsinsa kuma mai laushi ne, kusan 7 bisa 1. Ka ga ke nan ƙaramin batir ma zai juya shi. Ƙari a kan haka, sanyin da ake auna CCA da shi ba ya zuwa ƙasarmu ko a tsakiyar hunturu. Abin da ke kashe batir a wajenmu zafi ne, kuma ƙa'idar da masu ƙera batir suke bayarwa ita ce duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana raba tsawon ransa biyu. A akwati mai girma ɗaya, hanyar da ake samun CCA mai yawa ita ce a sirantar da farantan dalma a ƙara yawansu, siraran farantai kuwa su ne suke saurin ruɓewa a zafi. Saboda haka ba na bin lamba mafi girma ido rufe, a kowace mota.

Dainamo da katawut su ne masu yanke hukunci

Nan ne nake so ka fi mai da hankali, domin nan ne yawancin masu tsofaffin motoci suke asarar batir bayan batir suna zagin masu sayarwa. Motar zamani tana da altaneta da ke ba da amfiya 90 zuwa sama, yana caji ko inji na silo, kuma na'urar da ke daidaita wutarsa ta lantarki ce, ba ta kauce wa bolt 14 da ɗoriya. Motarka dainamo gare ta mai ƙarfin wat 180, wanda kusan ba ya ba da komai idan inji na silo, shi ya sa jar fitilar dashbod take ƙyaftawa a lokacin. Mai daidaita wutarsa kuma katawut ne na ƙarfe, mai sifirin da 'yan kontak da suke buɗewa suna rufewa, kuma da tsufa da zafi saitinsa yakan zame sama ko ƙasa.

Ka ɗauki batir a matsayin randa, dainamo kuma famfon da ke ɗiga a cikinta. Ƙara girman randa ba ya ƙara ruwan famfo. Abin da kawai zai faru shi ne randar ba za ta taɓa cika ba. Batirin dalma da ke zama a rabin caji kuwa yana tara wani farin gishiri, salfet, a kan farantansa, idan ya daɗe sai gishirin ya taurare ya ƙi narkewa, ƙarfin batirin ya ragu har abada. Yanzu ka duba irin aikin da ka ce za ka yi da motar. Ayarin biki tafiya ce ta sannu, a giya ɗaya ko biyu, fitilu a kunne, ham ba ya hutawa. Manyan fitilu biyu kaɗai, wat 45 kowace, suna jan amfiya 15 a bolt 6, ga kwayil, ga fitilun baya. A irin wannan tafiyar dainamo ba ya mayar da abin da ake ci, don haka motar za ta dawo gida da wuta ƙasa da yadda ta fita, sannan a rufe ta wata guda.

Saboda haka kafin ka kashe ko kwabo a kan batir, ka sa mai wayarin ya ari lafiyayyen batir ya tayar da motar, ya ɗora mita a kan batirin, a taka totur zuwa matsakaicin gudu. A tsarin bolt 6 ana so a ga kimanin 7 zuwa 7.3, a tsarin bolt 12 kuma 13.8 zuwa 14.4. Idan bai kai ba, sabon batirin zai mutu da yunwa. Idan ya zarce ya zauna a sama, zai tafasa shi. Wannan shi ne abin da ba zai yiwu in yanke maka daga nesa ba, mita ce kaɗai za ta faɗa, kuma sakamakonta shi zai zaɓa maka tsakanin ire-iren batirin da zan ambata. Idan dainamon ya daɗe a ajiye ko an kwance shi, akwai bukatar a taɓa masa wutar batir na ɗan lokaci don maganaɗisunsa ya dawo ta fuskar da ta dace; tsofaffin masu wayarin sun san wannan, matasan da suka tashi da altaneta kuwa da yawa ba su taɓa jin labarinsa ba, don haka ka nemi dattijo. Tun da zancen jar fitila ya zo, ka riƙe cewa a Beetle sandar dainamo ce take juya fankar da ke sanyaya inji. Idan fitilar ta kama ana cikin tafiya, ka tsaya ka duba fambel nan take.

Na ruwa, ko rufaffe, ko litiyam

Batirin ruwa mai murafe, wanda ake buɗewa a ƙara masa ruwa, shi ne aka ƙera motar da shi, kuma shi ne mafi haƙuri da katawut na ƙarfe. Idan caji ya ɗan zarce, ruwa kawai zai sha, ka ƙara masa. Aibinsa shi ne yana fitar da iskar haidirojin da tururin asid, yana kuma zubar da wuta da sauri idan an ajiye shi. Ruwan da za ka ƙara tataccen ruwa ne wanda aka samo daga tururi, ba asid ba, ba na rijiya ko na burtsatse ba, domin abin da ke ƙafewa daga batir ruwa ne, asid ɗin yana nan.

Yawancin rufaffun batura na kanti su ma na ruwa ne a ciki, an dai gauraya dalmarsu da kalsiyam don su rage shan ruwa, aka like murfin. Suna daɗewa a ajiye, amma suna son caji mai ɗan ƙarfi, wajen bolt 14.4, ba sa kuma yafe wa wanda ya bar su suka sauka ƙasa. Da altaneta suna lafiya. Da raunannen dainamo sukan rayu a rabin caji.

Nau'in AGM kuma asid ɗinsa yana jiƙe ne a cikin wata tabarmar zaren gilashi tsakanin farantai, don haka ba ya zuba ko an kwantar da shi, yana jure girgiza, yana fitar da wuta mai yawa a lokaci ɗaya, kuma yana riƙe caji a ajiye. Kamfanin Optima yana yin irinsa na bolt 6, masu tsofaffin Beetle da Ford a Amurka suna yawan amfani da shi. Sharaɗinsa ɗaya ne mai tsauri: ruwan da ya rasa ba ya dawowa. Katawut da ke zarce bolt 7.5 a tsarin 6, ko ya doshi 15 a tsarin 12, zai busar da shi cikin ɗan lokaci, ga shi da tsada. Wanda yake son AGM, ya fara sauya katawut zuwa na lantarki, ko ya tabbatar da saitin na ƙarfen. Batirin jel ɗan'uwansa ne, amma ya fi shi ƙin caji mai ƙarfi, wurinsa yana wajen sola, ba na sa shi a motar da ke da dainamo. Haka nan manyan batura masu bolt 6 da ake sayarwa don inbata: an yi su ne don a zuƙe su a hankali, kuma ba za su shiga mazaunin ba.

Sai litiyam, wanda abokinka ya ambata. Na mota yana da ɗakuna huɗu masu bolt 3.2 kowane, nauyinsa bai wuce kaso ɗaya cikin uku ko huɗu na na dalma ba, kuma yana juya inji da ƙarfin gaske. Amma yana da allon lantarki a cikinsa da ke yanke shi daga layi idan wuta ta zarce wajen bolt 14.6, ko ta yi ƙasa, ko zafi ya yi yawa. Idan ya yanke inji na gudu, injin caji ya rasa inda zai zuba wutarsa, sai ta yi tsalle ta ƙona abin da ta tarar. Kuma idan ya yi ƙasa yakan zuƙi duk abin da injin caji zai iya bayarwa ba sassauci, abin da ƙaramin dainamo ba zai jure ba. Amfaninsa na gaske rage nauyi ne, mai tseren mota kuwa yana da dalilin biyan kuɗi don ya rage kilo goma. Motar da za ta ɗauki amarya ba ta da wannan dalilin.

Mazaunin da ke ƙarƙashin kujera

A Beetle batir yana ƙarƙashin kujerar baya ne ta dama, a cikin ɗakin da mutane suke zaune. Wannan yana da alheri, domin ya yi nesa da zafin inji, amma yana da haɗari biyu da suka shahara. Na farko, ƙasan kujerar sifirin ne na ƙarfe, kuma idan mutum mai jiki ya zauna, sifirin yakan sauko. Idan batirin ya yi tsayi, ko kan fozitib ba shi da murfi, ƙarfen zai haɗa kawunan biyu, ya yi ja, ya kama abin da aka cusa kujerar da shi. Beetle da yawa sun ƙone ta wannan hanyar. Batirin amfiya 75 na ƙirar Turai tsawonsa milimita 278 ne, tsayinsa 190 a mafi yawa. Na ƙirar Japan kuwa ya fi tsayi, kawunansa kuma a tsaye suke a saman murfi, shi ne mafi muni a wannan wurin. Wanda ya dace da Beetle mai bolt 12 gajere ne, tsayin milimita 175, mai kawuna a lotse. Ka auna mazaunin da tef, tsawo da faɗi da tazarar da ke tsakaninsa da kujera, ka lura da ɓangaren da fozitib yake don wayoyi su kai ba tare da an ja su ba, ka tafi kasuwa da awon a rubuce.

Na biyu shi ne tsatsa. Asid da ke tsiyaya daga batirin ruwa yana cin farantin ƙasa, kuma da wuya ka ɗaga batirin tsohuwar Beetle ba ka ga faci ko rami a wurin ba. Ka duba naka kafin ka ɗora sabo, a wanke da ruwan kanwa, a yi fenti, a shimfiɗa roba, a kuma ɗaure batirin da maɗaurinsa don kada ya yi tsalle a gargada. Wannan dalili na biyu shi ne ya sa, idan caji ya daidaita, nake fifita AGM a wannan motar musamman.

Wahalar tashi ba lallai laifin batir ba ne

Mutane sun ɗauka cewa mota mai bolt 6 dole ta yi nawar tashi. Ba haka aka sayar da ita ba. Miliyoyinsu sun yi ta tashi a sanyin Jamus. Abin da ke faruwa shi ne, don a sami ƙarfi iri ɗaya da rabin bolt, sai an ninka amfiya, kuma duk wata tsatsa ko sakakken noti a hanya yana cin wuta gwargwadon amfiyar da ke ratsa shi. Asarar rabin bolt a tsarin 12 ba a jin ta sosai; a tsarin 6 kuwa ita ce bambanci tsakanin kik mai juyawa da kik mai ƙara ƙas-ƙas. Abin da na fi tararwa shi ne an canza asalin kaurin wayar batir da siririya ta motar zamani. Tsarin bolt 6 yana son waya mai kauri, murabba'in milimita 35 zuwa 50 a ma'aunin kaurin tagulla, gajeriya, mai tsabtatattun kawuna.

Wurare uku nake fara dubawa. Akwai wayar da ta tashi daga negetib zuwa bodi. Akwai wata saƙaƙƙiyar waya a ƙarƙashin mota da ta haɗa hancin giyabos da shasi, wadda duk wutar kik take komawa ta cikinta, kuma kusan kowa yana mantawa da ita. Idan ta ruɓe, wutar takan nemi hanya ta wayar kuloci ko ta totur har su yi zafi. Sannan akwai doguwar hanyar makulli: wuta tana tashi daga baya, ta je gaba wajen makulli, ta sake dawowa baya wajen kik, ta cikin wayoyi da mahaɗai masu shekara sittin. Maganin wannan sananne ne, a sa ƙaramin rile kusa da kik, makulli ya riƙa kunna rilen kawai, shi kuma ya ɗauko wuta kai tsaye daga batir. A gwada da mita lokacin da ake kik: lafiyayyen batir mai bolt 6 bai kamata ya faɗi ƙasa da 4.8 ba, mai 12 kuma ƙasa da 9.6. Idan batirin ya riƙe amma kik bai juya da kyau ba, laifin yana kan waya ko kik ɗin, ko bushin da sandarsa take zama a ciki a jikin giyabos. Wasu a Amurka sukan rufe wannan matsala da batir mai bolt 8, su ɗaga saitin katawut. Ban yarda da shi ba, domin yana gajarta ran kwararan fitila, tsatsar kuma tana nan inda take.

Ranar da babban inji ya zo

Al'adar da ka gani ta samo asali ne daga kudancin Kalifoniya tun shekarun 1930, inda matasa suke ɗaukar tsofaffin Ford, musamman ƙirar 1932, su rage musu nauyi su ƙara wa inji ƙarfi. Daga baya ta kai ga Beetle, ana faɗaɗa injin 1600 zuwa cc 1776 ko 1915, a sa kabireta biyu, a ƙara matsi. Idan ka kai nan, zancen bolt 6 ya ƙare. Injin yana da nauyin juyawa, musamman idan ya yi zafi, kuma kayan da ke biyo shi, irin su famfon fetur na lantarki da distiribita marar kontak, kusan duka na bolt 12 ne.

Sauyin ya wuce canza batir. Za a cire dainamo a sa altaneta mai amfiya 50 ko 55 da mazauninsa, a canza kwayil, da dukkan kwararan fitila, da rilen sigina, da abin ɗumama cok na kabireta, da ham, a kuma canza cikin injin waifa ko a rage masa wuta. Ma'aunin fetur na 1965 na waya ne, ba ya amfani da lantarki, don haka babu ruwansa. Sai batun filawil, wato faifan ƙarfe mai haƙora da kik yake juyawa: na bolt 6 haƙoransa 109 ne, na bolt 12 kuma 130, kuma kowane da kik ɗinsa. Babban inji zai zo da mai 130, wanda ya ɗan fi faɗi, sai an rage cikin bakin tsohon giyabos kafin ya shiga, a kuma sa bushin da ya dace. Bayan an gama duk wannan, batirin da kake bukata bai wuce Ah 45 zuwa 55 ba, CCA wajen 400 zuwa 500, gajere kamar yadda na faɗa. Masana'anta kanta Ah 36 zuwa 45 take sa wa Beetle mai bolt 12.

Masu hot rod na V8, wato inji mai silinda takwas, suna da wata matsala da kai ba ka da ita. Inji yakan cika gaban motar, sai su mayar da batir but, wanda ke nufin waya mai tsawon mita huɗu ko biyar. Dole ta yi kauri sosai, a sa mata kariya daga gogar ƙarfe, batirin ya zauna a akwati ɗaurarre mai bututun fitar da iska. Hukumar tseren motoci ta Amurka, NHRA, ma tana wajabta makashin wuta a bayan mota, inda za a iya kai masa hannu daga waje, ga duk motar da aka sauya wa batir mazauni. Makashin wuta kam ina ba kowane mai tsohuwar mota shawarar ya sa, ko ba ya tsere, domin rigar tsofaffin wayoyi ta bushe tana farfashewa.

Ra'ayina game da motarka ya danganta da lokacin da ka sa wa niyyar. Idan babban injin magana ce ta bana ko baɗi, kada ka wahalar da kanka neman batir mai bolt 6, wanda ba kasafai ake samunsa a kantunanmu ba, sau da yawa sai an yi oda. Ka yi sauyin zuwa 12 yanzu, gaba ɗaya, a hannun mutum ɗaya, ka adana duk abin da aka cire a kwali, domin masu neman tsofaffin motoci suna daraja kayan asali. Kik ɗin bolt 6 zai iya ci gaba da aiki da 12 kafin injin ya zo, muddin ba a riƙe makulli da daɗewa, kodayake yana dukan haƙoran filawil da ƙarfi. Idan kuwa niyyar ta wata rana ce da ba a sa mata lokaci ba, ni da zan bar ta yadda mahaifinku ya hau ta: a gyara wayoyi, a sa rile, a saita katawut, a nemo batirin tayar da mota mai bolt 6, Ah 66 zuwa 84 idan na ruwa ne, ko AGM idan mita ta ba da izini.

Zaman gareji

Duk wanda ka saya, zaman da motar za ta riƙa yi shi ne babban abokin gabarsa. Batirin dalma yana zubar da wutarsa ko ba a haɗa shi da komai ba, zafi kuma yana hanzarta hakan, ta yadda a watan Afrilu a rufaffen gareji mai rufin kwano asarar takan ninka. Cikakken batir da ya huta yana nuna bolt 12.6 ko 12.7, mai shida kuma 6.3, idan ya sauka zuwa 12.4, ko 6.2, lokacin caji ya yi. Ka sayi ƙaramar caja mai sarrafa kanta, wadda take cikawa ta koma gadi, ka tabbatar tana da saitin bolt 6 idan a nan ka tsaya. Inda wutar gari ba ta da tabbas, ƙaramin allon sola da na'urar daidaita cajinsa yana yin aikin ga mai bolt 12. Ga mai 6 kuwa, ka cire wayar negetib ka riƙa yi masa cikakken caji sau ɗaya a wata, da kuma daren da aka dawo daga biki. Tayar da motar a bar ta tana silo minti goma ba caji ba ne, ragi ne, tun da dainamo ba ya aiki a silo.

A kanti kuma ka nemi ranar ƙira a jikin batirin, ka guji wanda ya haura wata shida a ajiye, ka sa a auna shi a gabanka. Wajen ɗaurawa, fozitib ake fara sawa, wayar bodi ta zo ƙarshe; wajen cirewa kuma wayar bodi ce farko, don kada sifana ta taɓa ƙarfe ta yi tartsatsi kusa da batir. Idan wata rana ta ƙi tashi a wajen biki, kada ka bari a yi mata jam daga mota mai bolt 12 alhali tana kan 6. Nauyinta bai kai kilo 800 ba, mutum biyu sun isa su tura ta, ka sa giya biyu ka saki kuloci.